Geron Lawwali

Ina zaune a kasuwar Daudawa ana yi wa tayar kekena faci, sai Mani mai awon hatsi ya tsaya a kaina ya ce, "Malam Gide, ashe ba ka ji ba? Lawwali ya rasu da hantsin nan." Na yi salati. Mai faci ya ce saura kaɗan ya kama. Na jira ya kama, don ba ni da wata hanyar zuwa garinmu Tafoki sai keken. Ko da na isa an dawo daga maƙabarta. Shekara arba'in da wani abu muna tare, faci ɗaya ya hana ni sallar gawarsa.

Lawwali manomi ne, gonarsa tana iyaka da tawa. Ba shi da yawan magana. Tun muna samari yake da wani tsohon tulu a zaurensa, duk ranar da aka yi ruwa mai jiƙa ƙasa sai ya jefa tsakuwa ɗaya a ciki. Da kaka ya zazzage ya ƙirga. Ya daɗe yana gaya mana tsakuwar raguwa take yi. In aka ce masa ruwa na Allah ne, sai ya ce, "Nasa ne mana. Ni ƙirge kawai nake yi."

Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, ruwa ya makara, ya kuma ɗauke dawa ba ta gama fid da kai ba. Dawarmu mai son doguwar damina ce, a tsaye ta bushe. Samari suka watse zuwa Kaduna aikin gini, don lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa, ko'ina gini ake yi. Shi Lawwali arewa ya nufa, wajen ƙanwarsa Talatu da ke aure can gefen Jibiya. Ya dawo da irin wani ɗan gajeren gero mai nuna cikin kwana saba'in.

Da damina ta zo ya shuka shi, shi kaɗai. Geron ya yi kyau, ya nuna a lokacin da babu wani hatsi a gonar kowa. Tsuntsayen ƙasar nan kaf suka samu labari. Ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya yi mako biyu yana ja yana ihu har muryarsa ta dushe. Dami uku ya tsira da su. A bakin masallaci aka riƙa tambayarsa ko baƙinsa sun ƙoshi.

Ni ma na je yi masa jaje. Ya ce da ni cikin dasasshiyar murya, "Geron ya yi, Gide. Tsuntsayen ne suka yi mini yawa ni kaɗai. In mu talatin muka shuka rana ɗaya, dole su rabu."

Dami ukun nan bai taɓa su ba, alhali gidansa tafasa da rama ake ci. Matarsa Safara'u ta yi magana har ta gaji. Ya je wajen Maigari, aka tsayar da mutane bayan sallar Juma'a. Ya sussuke geron, ya raba wa gida talatin, da sharaɗin kowa ya shuka ranar da aka yi ruwan farko.

Nawa kason na cinye. Bazara ta yi tsawo, rumbuna ba kome, yara suna kuka, na miƙa wa matata Nana ta yi fura da shi. Bayan shuka Lawwali ya leƙo gonata, na ce masa irin ne bai tsira ba. Ya dubi ƙasar, ya ce, "Allah ya sa na baɗi ya tsira."

Gida ashirin da ɗaya suka shuka. Tsuntsaye suka zo, suka rabu kamar yadda ya faɗa, kowa ya ji da nasa. Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri a wajenmu, amma gero ya riga ya shiga rumbu. A shekarar, kunun da ya riƙe gidana har kaka daga gidan Lawwali yake fitowa. Bai taɓa aiko shi da wata magana ba.

Daga nan abin ya zauna. Kowane gida yana ware gefe ɗaya na gona, a shuka rana ɗaya, da kaka kowa ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya kai zauren Lawwali, ya ɗaure ya rataye. Har daga Ruwan Godiya da Sabuwa da Ƙanƙara ake zuwa neman iri. Ba ya sayarwa. Tambaya ɗaya yake yi wa mutum: "Ku nawa ne za ku shuka?" Wanda ya ce shi kaɗai ne, sai ya ce ya koma ya nemo maƙwabta.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi bayan girbin bana. Mako ɗaya kafin rasuwarsa na same shi a zaure, ya rame har na rasa inda zan sa idona. Ya nuna mini damman irin da ke rataye da tulun nan.

"Ka kwashe su ka kai gidanka. Kai za ka raba baɗi."

Na ce, "Lawwali, ba ni ba. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Irin da ka ba ni shekarar nan..."

"Fura kuka yi da shi."

"Wa ya gaya maka?"

"A gidanka na sha ta. Nana ta kawo mana a ƙwarya, kai kana ta ba ni labarin keke. Zan kasa gane gerona?"

Na rufe fuska da hannun riga. Ya bar ni sai da na gama kukana.

Na ce, "To duk da haka ni za ka ba?"

"Shekara biyar ke nan kana kawo mini zangarniyar da ta fi ta kowa. Ɗauki mana."

Na sauke damman, na rungumi tulun. Ina bakin ƙofa ya kira ni.

"Gide."

"Na'am."

"Furar ta yi daɗi. Amma kar a ƙara."

Na ce, "Ba za a ƙara ba."