Kunyar Suruki Ta Ci Mini Ƙafa

Edita, a wancan lokacin ni direba ne, ina jan motar wani Alhaji tsakanin Kibiya, Rano da Kano, ga ƙarfi ga taurin kai. Ina da ciwon suga, amma daga ni sai matata muka sani, don ina tsoron mai mota ya ji ya karɓe makullinsa.

Wata ranar kasuwa wani mutum ya loda mini buhunan masara, ashe na sata ne. Aka kama mu tare. Shi da ya sato ya ɗauki lauya, aka ci shi tara ya koma gida, ni da na ɗauko kawai aka yanke mini zaman gidan yari. Kafin hukunci alƙali ya tambaye ni ko ina da uzurin da zai sa a sassauta mini. Har na buɗe baki zan faɗi ciwona, sai na hango surukina, ya taso tun daga Tarai, yana zaune a bencin baya. Haba, ta yaya zan tsaya ina magiya ina tona cutata a gaban mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba? Na sunkuyar da kai na ce babu.

A ciki na san kaɗaici. Abokan tasha ko ɗaya bai leƙo ba, matata kuwa ni na hana ta zuwa. Wani ɗan miki ya fito mini a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, har 'yan ɗakinmu suka riƙa janye tabarminsu saboda wari. Ranar ziyara in an fara kiran sunaye, sai in juya fuskata bango in yi kamar barci nake. Wallahi na yi kuka.

Matata ce ta gaji ta fasa wa mahaifinta ƙwan. Tsohon ya sayar da gonarsa ya ɗauki lauya, aka ɗaukaka ƙara kan rashin adalcin hukuncin da rashin lafiyata. Aka yi ta ɗage zama, miki yana ci. Da kotun sama ta sake ni, asibiti aka wuce da ni, aka yanke ƙafar dama, wadda nake taka totur da ita.

Surukina ya zo dubiya, ya ce, “Ɗana, ai don in roƙa maka sassauci na je kotun nan ranar da aka yanke maka hukunci.”

Jama'a, kunya ado ce, amma ba a gaban alƙali ko likita ba. Mai ciwo ya faɗa tun da sauran dama. Ni yanzu daga ƙofar gida nake jin motoci suna wucewa Rano.