Nonon Hagu

Shekarar da 'yata ta fari ta haifi namiji, na bar gonar doyata a Kuje a hannun ƙanen marigayi mijina, na hau mota zuwa Lugbe wankan jego. Na ce da an yi arba'in zan koma. Aka yi arba'in, ban koma ba. Damina ta sauka, ban koma ba. Yaro ya fara zama, ya fara rarrafe, ina nan. Ɗinki ne ya riƙe ni, ɗinkinta.

Tela ce. Ciki da falo suke haya, to falon nan shi ne shago. Keke a jikin taga, teburin yanka a tsakiya, kayan mutane rataye a igiya daga wannan bango zuwa wancan, har sai mutum ya sunkuya kafin ya wuce. Mijinta direba ne, a tashar Jabi yake lodi, in ya fita da asuba ba a sake ganinsa sai gari ya yi duhu. Saura mu uku: ita da keken, ni da tsintsiya, sai Angona, haka nake kiran jikan nawa, yana jan ciki a ƙasa yana neman abin da zai kai baki. Kullum safe sai na shafa simintin nan da tafin hannuna saboda allura. Tsintsiya takan bar allura, hannu ba ya bari.

A farko ban ga laifin komai ba. Tana taka keke, yaro na cinyarta yana shan nono, hannu ɗaya na tura atamfa, ɗaya na tallafe da kansa. Ƙarar keken ma ita ke sa shi barci. Ni da na yi huɗa da goyo a baya, na yi girbi da ciki, me zan ce? Mace da aiki da ɗa, tun kakanninmu tare suke tafiya.

Ana nan, ana nan, sai wata Hajiya ta kawo aikin anko. Babba ce a wata ma'aikatar gwamnati, za ta aurar da 'yarta. Direbanta ya yi ta shigo da leshi fari tas, mai duwatsu, har ya cika teburin ya gangaro kan kujera. Na uwar amarya, na ƙannen amarya, na ƙawayen uwa. 'Yata ta riƙa shafa leshin nan kamar ana shafa kan maraya. Ta ce, "Inna, in na yi wannan aikin ya yi kyau, na shiga gari. Matan nan duk a waya suke gaya wa juna tela."

Na ce Allah ya sa albarka. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Ranar da Hajiya ta zo gwaji, ina uwar ɗaki da Ango a bayana. Ya tashi barci da yunwa, ya tsala kuka. Duk macen da ta taɓa shayarwa ta san abin da kukan ɗa ke yi wa ƙirji. Ba sai an taɓa ba, ba sai an yi niyya ba. A lokacin 'yata tana tsaye a kan Hajiya, ta sunkuya tana kafa allura a kafaɗar rigar. Nono ya kawo, ya ratsa rigarta, ya ɗiga a kan leshin. Ɗigo kaɗan, ko cokalin shayi ba zai cika ba.

Na fito ke nan na ji Hajiya na cewa, "Mene ne wannan? Ruwa ne?" Ta dangwala da yatsa, ta kai hanci. Sai ta yi baya kamar ta taka maciji. "Innalillahi! Nono ne? A jikina? Cire mini, cire mini, filis!"

Ta tuɓe rigar ta riƙe da yatsa biyu nesa da jikinta, yadda ake riƙe mushen ɓera.

"Shi ya sa tun da na shigo nake jin ƙarni. A haka kike ɗinka wa mutane kaya? Kin san daga inda aka kawo leshin nan?"

Na ce, "Hajiya, nono ne fa, ba fitsari ba. Ke da me aka raine ki, da lemon kwalba?"

"Inna, don Allah!" in ji 'yata. Sai ta durƙusa. Gwiwa biyu a ƙasa, hannu a ƙirji tana tare abin da ke zuba, tana cewa, "Sori ma, ki yi haƙuri ma, ba zai sake faruwa ba."

Wannan durƙuson har yau in na tuna shi sai miyau mai ɗaci ya cika mini baki. Na ga mace ta durƙusa don ta ƙona miya, na ga ta durƙusa don ta yi wa babba rashin kunya. Ban taɓa ganin wadda ta durƙusa don Allah ya ba ta nono ba sai ranar, kuma ni na haife ta.

Hajiya ta ce ba za ta kwashe kayan ba don lokaci ya ƙure, amma in ta sake jin wani wari a jikin ko ɗankwali ne, duk matan da ta sani za su ji labari. Ta fesa turare a hannunta, ta fita.

Washegari na ga 'yata ta ajiye leshi, ta ɗauko ragowar kaki mai kauri, irin na wandon 'yan makaranta. Ta zagaya tef a ƙirjinta, ta duba, ta sake matsewa, ta sake dubawa. Ta yanka. Ta ɗauko ledar da muke shimfiɗa wa yaro a katifa, ta yanka ta yi shafi da ita daga ciki. Ta jera ƙugiyoyi a gaba, ƙanana, reras. Wallahi ɗinkin ya yi kyau. Ban taɓa ganin ta yi layi mai miƙewa irin na wannan abin ba.

Na ce, "Ke, wannan kuma na wane jakin ne? Don ni dai siddi nake gani."

"Nawa ne, Inna. Na sa da safe, na cire da yamma in mutane sun gama zuwa. Komai ba zai fito ba."

"Shi kuma Angon nawa azumi zai ɗauka?"

"Ga madarar gwangwani, ga koko. Na ɗan lokaci ne, har a gama bikin."

"Shi ya san biki? An ba shi kati?"

Ta yi dariya, ta riƙe numfashi, ta maƙala ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, ƙirjinta ya koma kamar allo. Ta ɗora riga a kai, ta zauna a keke.

To, nan wahala ta soma. Yaron nan ya saba da ya ji ƙarar keke, nono ya zo. Da ta taka, sai ya fisge daga hannuna ya rarrafa, ya dafa ƙafarta ya miƙe, yana dukan kakin nan da kai kamar ɗan akuya. Ita kuwa ta kau da fuska, ta ce, "Inna, ɗauke shi, zai taɓa farin kaya." In kai masa robar fida baki, ya turo ta da harshe. In ɗura masa koko, ya feso mini a fuska. Na riƙa fita da shi bakin titi, in tsaya muna kallon manyan motoci masu zuwa filin jirgi, don kada ya ji keken uwarsa.

Maƙwabciyarmu, wata Kirista daga ƙasar duwatsu, tana aikin shara a wani asibiti, ita ta tare ni a bakin famfo. Ta ce da 'yar Hausarta ta koyo, "Mama, yaro tana kuka tun safe, me ya same ta?" Na gaya mata. Ta ajiye bokiti ta shiga har falon, ta danna ƙirjin 'yata da yatsa, ta ce, "Kai, sista, wannan ba kyau. Nono zai zama dutse. Na gani a wurin aiki, ba sau ɗaya ba." 'Yata ta ce ta gode, saura kaɗan. Mijin 'yar tawa ma da na yi masa magana, cewa ya yi, "Inna, ku bar ta, sana'arta ce, ita ta san kanta." Bai taɓa ganin abin a jikinta ba, kafin ya dawo ta cire.

Kullum da yamma in ta kwance ƙugiyoyin, sai wari ya bugo, irin na ƙwaryar nono da aka manta a rana. Ledar ta tara zufa da nono, sun haɗu sun yi guda-guda. Fatar ta yi ja, ta yi ƙuraje. Ta wanke jiki, ta ba yaro, ya sha kamar zai haɗiye ta. Ta wanke kakin ta shanya a bayan ƙofa, da safe ta mayar tun bai gama bushewa ba. Da aiki ya matse, 'yan gwaji suka riƙa zuwa har bayan magariba, yamman ma ta daina cirewa da wuri.

Wata rana bayan la'asar, ana ruwa, aka kawo wuta, ta tashi da sauri ta jona dutsen guga. Ina kallonta, sai na ga haƙoranta na haɗuwa. Ta ce sanyin ruwa ne. Ta ɗaga hannun hagu za ta ɗauko riga a igiya, hannun ya ƙi ɗaguwa. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur. Na taɓa goshinta, kamar murhu.

Ban tsaya neman ƙugiya ba. Almakashinta na ɗauka na tsarge kakin daga sama har ƙasa. Abin da na gani, Allah kada ya sake nuna mini. Nonon dama ya kumbura, amma nono ne. Na hagu ya yi tauri, ya yi ja, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, gefe ɗaya ya fara baƙi. Na dafa ruwa na gasa mata da tawul, tana cizon bakin zane. Na sa mata yaron. Ya kama na dama ya sha. Na juya shi hagu, ya ja sau ɗaya, ya ɓata fuska, ya tofar, ya juya kai. Na sake, ya sake.

Maƙwabciyar ce ta samo mana ɗan adaidaita cikin ruwan nan, muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Suka ce ya yi ruwa, sai an tsaga. Aka tsaga. Ni na riƙe mata kai, na ga abin da ya cika kwanon, na ji warinsa. Tana kwance, ido a rufe, leɓe a bushe, ta buɗe baki. Na sunkuya, na ɗauka ɗanta za ta tambaya.

Ta ce, "Inna, an kashe dutsen gugan? Kada ya ƙona rigar Hajiya."

Na ce an kashe. Na fita waje na tofar da miyau.

An gama ankon. Da bandeji a ƙirji ta gama shi, tana zama a karkace, wata tela ta layin baya ta taya ta haɗa hannuwa. Hajiya ta zo karɓa da kanta. A gabana ta ɗaga rigunan ɗaya ɗaya tana shinshinawa, sannan ta ce, "Yawwa, yanzu kika yi aiki." Bayan biki ta aiko mana da bokitin roba mai hoton ango da amarya. A ciki na riƙa jiƙa tsumman ciwon. Kuma gaskiyar 'yata, ta shiga gari. Motoci suka fara tsayawa a layinmu har masu shago suna ƙorafi.

Nonon hagu dai bai dawo ba. Na dama mata kunun kanwa, na dama na gyaɗa, na aika Kuje aka kawo mini saiwoyin da na sani. Ciwon ya warke, ya bar tabo, amma yaro ya ƙi wajen. Ko cikin magagin barci aka juya shi hagu sai ya farka. Da ba a sha, nonon ya ƙafe, ya koma ya lafe. Da ɗaya ta ƙarasa shayar da shi. Bai mutu ba, alhamdulillahi, amma ƙibar nan ta jarirai da ya fara, wuyan nan mai ninki, ta tafi ba ta dawo ba. Da lokacin yaye ya yi, na goya shi na tafi da shi Kuje, kamar yadda ake yi.

Da sallah 'yata ta zo ganinsa. Ta sha ado, riga ta zauna mata ɗas, matan gidanmu suka kewaye ta suna tambayar wa ya ɗinka, ta ce ita ce, suka ce lallai ƙirjin rigar nan ya fita. Da azahar ta yi, ta zo bayan ɗakina za ta yi alwala, zafi ya dame ta. Ta waiga, ta ga ba kowa sai ni. Ta sa hannu cikin riga ta gefen hagu, ta zaro wani soso da ta yanka ta lulluɓe da yadi, ta yi masa siffa daidai da ɗan'uwansa. Ta ɗora shi a kan turmina.

Ango na wasa a gindin turmin. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya juya shi, ya shinshina. Sai ya kai baki ya fara tsotsa.

Na fisge daga bakinsa, na wurga shi bayan katanga, cikin gonar rogon maƙwabta. Yaro ya fashe da kuka. Ita kuma ta miƙe da buta a hannu, rigar ta faɗa gefe ɗaya, ta ce, "Haba Inna! Shi kaɗai na zo da shi. Yanzu da me zan fita gaisuwa?"

Na ɗauki jikana na shiga ɗaki. Ina jin ta tana kewayawa ta bayan gida, tana ɗaga ganyen rogo.