Kilishin da Bai Shiga Kanada Ba

Maƙwabcina a McLeansville, nan Amurka, ɗan Sikh ne, irin mutanen Indiyan nan masu rawani, gemunsa kuwa in ya sake shi sai ya share tsakar gida. Direban tirela ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana keta ƙanƙara bai samu ko ƙwarzane ba, sai ga shi ya faɗo daga tsani yana kwashe ganye a rufin gidansa. Aka naɗe masa ƙafar dama da filasta tun daga yatsu har cinya.

Ranar Talata na shiga duba shi, na tarar da mahaifiyarsa, wadda duk layinmu ke ce wa Mama, ta tasa jakarta a gaba tana share hawaye da gefen mayafi. Ashe 'yarsa da ke aure kusa da Toronto ce ta haihu, bayan shekara takwas ana jira, kuma ranar Lahadi da ƙarfe sha ɗaya za a raɗa suna a wurin ibadarsu, gurdwara. Mama ta haura tamanin, likita ya hana ta hawa jirgi, wanda zai tuƙa ta kuma ga shi a miƙe kamar icen girki.

Na ce, "Haba Mama, ina raye? Ni da na taɓa kai mota Maiduguri daga Kano a kan taya uku?" Ɗanta ya juya mata maganar cikin harshensu, ban san ko ya haɗa da tayar ba. Ta kama hannuna ta riƙe.

Da na gaya wa matata Hajiya, sai ta ajiye ludayi ta dube ni. "Kai? Kai da ka ɓata tsakanin gida da Elm Street, sai da na zo na ɗauko ka?"

"Ranar nan an canza wa garin fasali ne."

"To Allah ya kiyaye hanya. Ka dai kai tsohuwar mutane a kan lokaci."

Bahaushe ba ya zuwa suna hannu rabbana. Rago ba zai shiga mota ba, sai na je wurin mahaucinmu na East Greensboro na jido nama. Kwana uku ina yanka shi fale-fale, ina busarwa a murhun Hajiya, ina shafa masa labu na ƙuli-ƙuli da citta da barkono, har yaranmu suka gudu waje suna tari suna kai ƙarata da Turanci. Na naɗe kilishin a takarda, na dunƙula shi a ƙasan but ɗin mota. Ban gaya wa kowa ba, don tsaraba ba a yi mata shela.

Asabar bayan sallar asuba muka kama hanya. Mama a gaba da filas ɗin shayi mai madara da kanumfari, maƙwabcina a baya ya miƙe ƙafa. Ƙafar ce kawai ta karye, bakin lafiya lau. "Kada ka bi bayan wannan tirelar." "Ka sauko dama." "Alhaji, wa ya ba ka lasin?" Haka muka hau duwatsun Virginia, muka shiga ramin da aka huda cikin dutse, ina salati, Mama tana nata addu'o'in, shi yana ƙirga mini kurakurai. Da na tsaya azahar a wurin hutawar matafiya, Mama ta tsaya a kan takalmana tana gadi, tana harare duk wanda ya gifta. Muka kwana a Buffalo.

Lahadi ƙarfe takwas muna kan gadar bodar Kanada. Daga nan zuwa gurdwara tafiyar awa ɗaya da rabi ce, lokaci har da rara. Maƙwabcina ya leƙo ta tsakanin kujeru ya ce, "Alhaji, na tsallaka nan sau ba adadi. Abin da aka tambaye ka kawai za ka amsa. Ban da labari."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Jami'ar mace ce, fuskarta a ɗaure kamar an hana ta karin kumallo. Na miƙa fasfo uku, na gaishe ta, na tambaye ta ya aiki, ya sanyi, ya mutanen gida. Ta ce ina za mu. Na ce suna. Ta ce muna ɗauke da abinci, ko nama?

A nan ne halina ya motsa. Aikin kwana uku, a ce ba wanda ya yaba? Na daki sitiyari na ce, "Nama? Ranki ya daɗe, rabin saniya ne a but ɗin nan!"

Na ji maƙwabcina ya yi wani nishi a baya, irin wanda bai yi ba ko ranar da ya faɗo. Jami'ar ba ta yi dariya ba. Ta rubuta wata 'yar takarda, ta nuna mana wata rumfa a gefe.

Aka fito da komai: jakar Mama, bargon jariri da ta saƙa, sandunan maƙwabcina, sannan ƙunshina. Wani jami'i ya sa safar hannu ya ɗaga kilishi guda sama yana duba shi a haske, kamar tsohuwar takardar fili. Ya shinshina, ya yi atishawa uku a jere. Ya ce mu shiga ciki mu jira.

Akwai agogo babba a bangon ofishin. Tara ta yi. Tara da kwata. Mama ta ɗora bargon a cinya tana duban agogon, in ta gaji ta dubi ƙofa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka kira ni, jami'in ya ce nama ba tambarin shago, ba shaidar inda ya fito, ba zai wuce ba. Ko in juya da shi Amurka in sake bin layi, ko in bar shi a nan. Na fara yi masa bayanin labu, ina cikin lissafa kayan yaji sai Mama ta yi magana. Maƙwabcina ya ce, "Tana tambaya, wa ka kawo wa wannan?"

"Mai jego mana, da mutanen suna."

Ya dube ni, ya dubi silin, sai gemun ya fara rawa. "Alhaji, a gurdwara ba a shiga da nama. Ko ƙwai ba a dafawa. 'Yata ma tun da aka haife ta ba ta taɓa ci ba."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Ka gaya mini kana ɗauke da saniya?"

Na tura wa jami'in ƙunshin da hannu biyu. Ya jefa shi cikin wata ganga mai murfi, na tsaya na yi masa addu'a kamar an binne ɗan'uwa. Goma saura ashirin muka fito.

Tuƙin da na yi daga nan, ko maƙwabcina bai samu abin gyarawa ba, sai kiran waya yake yana cewa ga mu nan, ga mu nan. Sha ɗaya da kwata muka ga farar ƙubba da doguwar tuta mai ruwan lemo. A ƙofa aka ce a cire takalmi, a wanke hannu, a rufe kai. Wani dattijo ya ɗaura mini ƙyalle a ka, na zama kamar mai tallar fura. Ban damu ba, idona na kan Mama. Tsohuwar da nake riƙewa ta sauka daga mota, ita ce ta bar mu a baya.

Zauren cike yake, kowa a ƙasa, maza gefe mata gefe, ana rera waƙoƙin ibada da 'yar ganga. Ashe mai jegon ta roƙi a ƙara waƙa, ta ce ba za a buɗe littafi ba sai kakarta ta zauna. Al'adarsu ita ce a buɗe littafinsu mai tsarki duk inda ya buɗu, harafin farko na shafin da shi sunan yaro zai fara. Mama ta rusuna, ta zauna, aka ɗora mata jaririyar a cinya, ta lulluɓe ta da bargon. Malaminsu ya buɗe, ya karanta, ya faɗi harafin. Dangi suka juyo gaba ɗaya suna duban Mama. Ta faɗi suna, zauren ya amsa da murya ɗaya. Ni ma na ce Allah ya raya, da Hausa, da ƙarfi.

Bayan nan aka sauka ɗakin cin abinci, inda kowa ke zama a layi a ƙasa, mai kuɗi da talaka, baƙo da ɗan gida. Miyar wake, shinkafa, gurasa mai zafi da ake karɓa da tafi biyu. Duk na ɗaga kai sai an ƙara. Na ci gurasar da za ta rufe rufin gidana.

Da la'asar na je na ce wa Mama gobe da sassafe za mu juya. Tana jijjiga jaririyar, ba ta ko ɗago ba ta ba da amsa. Maƙwabcina ya ce, "Ta ce mu gaida gida. Ita sai yarinya ta fara zama."