Ƙwaryar da Jikata Ta Ɗinke

Ni gyartai ne, ubana ma shi ne aikinsa. Ƙwarya ta fashe a kawo mini, in huda, in ɗinke. Da roba ta cika kasuwar Matamaye aikin ya mutu. Na soke basilla a jikin azara na koma gona.

Ƴata ta fari tana aure a Ɗan Barto. Da cikinta na biyu ya tsufa, mijin yana ci-rani a Agadas, sai aka kawo ta gidana, ita da ɗiyarta mai shekara biyar. Matata ta daɗe da rasuwa. Ƙanwata ke riƙe da gidan.

Naƙuda ta kwana biyu. Muka kai ta likita a nan, suka ce sai Damagaram. Da za a sa ta mota yarinyar ta riƙe mata zane tana ihu. Ƙanwata ta ɓamɓare ta, ta faɗa mata abin da aka saba faɗa wa yara:

"Yi shiru, Innarki kasuwa za ta, ta sayo miki ƙane."

A Damagaram aka tsaga cikin. Ɗan bai zo da rai ba. Suka cire mahaifar don jini ya tsaya. Ni na binne shi, bai fi tiyar gero nauyi ba.

Ranar da uwar ta dawo, yarinya ta sheƙo da gudu, ta zaga bayanta tana neman goyo. Babu. Ba wanda ya ce mata uffan, mu ba ma yi wa yaro zancen mutuwa. Mata masu zuwa sannu suna ta cewa an farke ta, an ɗinke ta, tana tsaye tana ji. Wata safiya ƙanwata na gyara wa uwar ƙyallen ciwo, yarinya ta leƙa. Ta ga ɗinkin. Ta fita a guje. Daga ranar ba ta ƙara taka ɗakin ba.

Uwar ta kira ta, ta ƙi. Aka kai ta da ƙarfi, ta yi fitsari a tsaye. Sai uwar ta ce a bar ta. Ta juya fuska bango ta daina cin abinci. Lokotoro mai duba ta ya ce in ba ta ci ba, ciwon ba zai haɗe ba. Kunu ya shiga ɗakin da zafi, ya fito da sanyi, ko ludayi ba a taɓa ba.

Ni ba na shiga ɗakinta, ba na kiran sunanta, ƴar fari ce. Daga bakin ƙofa nake cewa ya jiki, in wuce. Amma na binne matata, na binne ƴaƴa uku a shekarar ƙyanda. Na san kwanciyar wanda ya saki duniya. Irin kwanciyar da take yi ke nan.

Na tarar da yarinyar a inuwar itacen bedi da ƴar tsanarta ta kara. Ta naɗe mata ciki da tsumma, tana ja tana ƙara ɗaurewa.

"Amarya, me ƴarki ta yi kika ɗaure ta haka?"

"Kar ta zube."

"Me zai zube?"

"Cikinta. A kasuwa aka fasa Inna. In na taɓa ta buɗewa za ta yi."

"Wa ya ce?"

"Ni na gani. Kai ba ka ganin komai, tsoho."

Ban iya lallashi ba. Na tashi na ɗauko ƙwaryar kunun ƙanwata na buga ta a bakin turmi. Ta tsage daga baki har gindi. Ƙanwata ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Yaya, lafiyarka? Ƙwaryar aurena ce fa!"

"Ta daɗe. Kamar mai ita."

Na zaro basilla, ta yi tsatsa, na goge ta da yashi. Na jiƙa kaba na tsaga siriri. Na sa basilla a wuta, ina huda, yarinya tana zura zare tana ja. Ɗinkinta karkatacce, wani dogo wani gajere. Ban gyara ba. Kaba ta yanke mata yatsa, ta tsotse ta ci gaba.

Rana ta biyu, kanta a ƙasa, ta ce, "Kaka, ina ƙanen?"

"Ba kasuwa ta je ba. Ƙarya aka yi miki. Yana cikinta, aka tsaga a fiddo shi, aka tarar ya mutu. Ni na binne shi."

"Za ta samo wani?"

"A'a. Ke kaɗai ce."

Ƙanwata ta ji, ta ce ba a faɗa wa yaro haka, ba ni da imani. Na ce kasuwarta ce ta kawo mu nan. Ta yini ba ta yi mini magana ba. Yarinya ba ta yi kuka ba. Ta ja zare har ya tsinke, na ba ta wani.

Rana ta uku muka gama. Yarinya ta kamfato ruwa a randa ta zuba. Ruwan ya bi ɗinkin ya tsiyaye mata a ƙafa. Ta jefar da ƙwaryar.

"Ka gani? Ta zube!"

Ta shige bayan rumbu. Na ce a raina na ƙara lalata abin, da na bar ta da ƴar tsanarta. A ranar uwar ko ruwa sai da aka matsa mata.

Na ɗauki ƙwaryar na bi ta.

"Sabon ɗinki dole ya yi yoyo. Sai an jiƙa shi, zaren ya sha ruwa ya kumbura, sannan ya riƙe. Ƙwaryar da aka ɗinke ba a barin ta ta bushe. In ta bushe ɗinki ya saki. Kullum sai an zuba mata wani abu."

Na nutsa ƙwaryar a bokiti na ɗora dutse, na tafi gona.

Washegari da hantsi ita ta fiddo ta. Ta cika ta da ruwa, ta ɗaga sama tana kallon gindin. Ɗigo ɗaya ya taru, ya daɗe bai faɗo ba. Ta zubar da ruwan, ta nufi madafa.

"Gwaggo, zuba kunu."

Ta ɗauko da hannu biyu, tana tafiya a hankali. A bakin ƙofar uwar ta tsaya. Ina nesa da ita ina kallo.

"Inna, sha. Kaka ya ce in kika bushe ɗinki zai saki."

Can na ji gado ya motsa. Muryar uwar ta fito da ƙyar.

"Hannuna ba ya kaiwa nan."

Yarinya ta waiwayo ta dube ni. Na kau da kai. Da na sake dubawa ta shiga.

"Wa ya yi wannan ɗinki haka, kamar tafiyar kaza?"

"Ni ce. Tsohon hudawa kawai ya yi."

Ludayi huɗu ta sha, ƙanwata ce ta faɗa mini. Washegari rabin ƙwarya. Sai da aka ƙara kwanaki kafin yarinyar ta yarda ta sa yatsa ɗaya a kan ƙyallen, ta janye da sauri.

Ciwon ya haɗe bayan damina. Har yau ƴata ba ta miƙewa sosai, ba ta ɗaukar tulu. Yarinya kuwa, duk wanda ya ce za shi kasuwa sai ta tsare shi ta ce ya rantse. Ƙwaryar tana kan randa, ba ta barin ta ta bushe. Gindin yana ɗan yoyo. Na ce ta kawo in gyara, ta hana.