Magana Ɗaya, Sai a Jira

Duk wanda ya yi firamare a Geza ya san Malama Mashkura, 'yar garin Bahindi, doguwar nan mai takalmin roba wadda ta tsufa a aji biyu. Tana amarya ta zo garin, mijinta ya rasu, ta ƙi komawa gida. Ba ta riƙe bulala. In an tambaye ta dalili, sai ta ce kafaɗarta ke ciwo.

A shekarar da nake ba ku labari akwai wata yarinya a ajinta, Ni'ima, ɗiyar Malam Haliru manomin shinkafa. Kunnenta lafiya lau, ko cokali ya faɗi sai ta waiga. Amma a ce mata ta ɗauko alli, ta goge allo, ta zauna, sai ta tsaya tana kallon bakin mai magana. Can ta saci kallon sauran yara, ta yi abin da suke yi.

To, mu nan bakin iyaka, in yaro bai gane magana ba, ba a tambayar abin da ke damunsa. Cewa ake yi yarensu ne daban. Uwar Ni'ima, Dela, daga ƙetaren Benin take, Dendi ne yarenta. Malamai suka ce Dendi ya hana yarinya jin Hausa. Dela kuma ta ce Hausar makaranta ta kore mata Dendi. Ni'ima dai tana shan ranƙwashi gida da makaranta.

Malama ba ta gamsu ba. Ta je gidan, ta roƙi Dela ta aiki yarinyar da Dendi tsantsa. Dela ta ce ta ɗauko tsintsiya, ta kori kaji, ta dawo. Ni'ima ta yi irin tsayuwarta ta aji.

Daga nan Malama ta dawo da ita bencin gaba. Sai ta kira sunanta, ta bari su haɗa ido, ta faɗi abu ɗaya tana nunawa da hannu, ta jira, ko da ajin zai tsage da surutu. Kafin damina ta fita, Ni'ima ta fara ɗaga hannu.

Amma Malam Haliru ya riga ya yanke shawarar kai ta ƙetare wurin kakarta.

"Malam, ɗiyarka ba yare ta rasa ba," in ji Malama. "Doguwar magana ce ba ta zama a kanta. Ka bar mini ita."

"Malama, ke Allah ya ba ki haƙuri, mu mun gaji. Can kowa Dendi yake yi, kunnenta zai buɗe."

"Ai uwarta ma Dendin take yi mata."

"Dela? Ai ko ni ban faye gane ta ba," ya ce yana dariya.

Ranar kasuwa ƙanen Dela, Ango, ya zo da babur. Malama ta bar aji ta iske su a ƙofar gida.

"Ango, don Allah ka gaya wa tsohuwa. A kira sunanta, a faɗi abu ɗaya, a jira."

"An gama, Malama." Ya juya. "Ke, sa takalmi, ɗauko ƙullin kayanki, ki yi wa Malama sallama ki hau."

Ni'ima ta zuba wa bakinsa ido. Ta waiga, babu yaron da za ta kwaikwaya. Ango ya kai mata ranƙwashi.

"Kin gani ko, Malama? Taurin kai ne kawai."

Malama ta durƙusa.

"Ni'ima." Yarinya ta dube ta. "Takalmi."

Ta sa.

"Kaya."

Ta ɗauko. Malama ta daɗe kafin ta iya faɗin ta ƙarshe.

"Hau."

Ta hau, babur ya nufi iyaka.

Har yau Malama Mashkura tana aji biyu. Abu ɗaya take faɗi, ta yi shiru tana kallon bencin gaba, sannan ta ci gaba. Yaran bana ba su san Ni'ima ba. Su a ganinsu tsufa ne ya kama Malama.