Madannai a Kan Kwalin Sabulu

Kafin in zama farfesa a Gashuwa, na koyar da ilimin kwamfuta a wata sakandare a Nguru, inda ba mu da kwamfuta ko ɗaya. Kwalayen sabulu nake roƙowa a kasuwa in zana madannai a kai, ɗalibai su riƙa dannawa suna faɗin abin da suka rubuta da baki.

Wata ɗaliba 'yar Dagona ta fi kowa saurin hannu. Ran nan ta tsaya cak, ta ce, "Malam, na yi kuskure. Ina ake gogewa?" Ashe na manta ban zana madannin gogewa ba. Na ƙara mata da biro, ta danna sau biyu, ta ci gaba.

Daga tambayarta bincikena ya faro, kan yadda yara ke koyon na'urar da ba su taɓa gani ba. Yanzu ajina cike yake da kwamfutoci, amma ina kewar wancan. Tun da na bar Nguru ban sake jin labarinta ba, kuma har yau ina son sanin ko ta taɓa zama gaban kwamfuta ta gaske.