Jan Tsumman da Ke Kan Sitiyari

Ba na jin ranar Larabar nan za ta taɓa fita daga raina. Yau mako uku ke nan. 'Yan'uwana masu ɗinkin kujerun mota ne suka ce in rubuta abin da ya faru saboda sababbin shiga. Ni ma na ga gara in rubuta da kaina, tunda labarin da ke yawo a tasha ya riga ya kai ga cewa motar tashi sama ta yi.

Sunana Balaraba. Bayan na gama sakandare na koyi ɗinki, daga baya na koma na kujerun mota. Wata biyar da suka wuce Baba Sabo ya ba ni ɗan shago a gefen garejinsa da ke kan tudu a Birnin Kudu. Shi ne babban bakanike, kuma aminin mahaifina ne. Da ya kawo ni akwai waɗanda suka ce gareji ba wurin mace ba ne. Ya ce musu shi ya tsaya mini, duk abin da na ɓata a tambaye shi. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Yadda aikina yake, a kwance kujera a kawo mini shago, in ɗinka, a mayar. Cikin gareji kuwa gaisuwa kaɗai ke kai ni. Shi ya sa akwai abubuwa da yawa na 'yan gareji da ban sani ba.

A farkon damina aka janyo mana Gwaggo. Haka aka raɗa wa motar suna tun ranar da ta iso, don ta girmi mahaifiyata. Giyarta a jikin sitiyari take, kujerar gaba kuma guda ɗaya ce doguwa kamar benci. Mai ita Alhaji Garba ne, tsohon malamin gona, mutumin Fagam ta ƙasar Gwaram. Ta daɗe a rumfar gidansa kaji na ƙwai a ciki, sai kawai ya tashi ya ce da ita zai je Kalaba, kuma shi zai tuƙa. 'Ya'yansa sun yi magiya ya hau jirgi, ya ƙi. Wai abokinsa da suka sayo motar tare suna samari yana can, idanunsa sun fara dushewa.

"Ya ce yana so ya gan ta kafin su rufe," in ji Alhaji. "Ni bai ce yana son ganina ba. Motar ya ce."

Baba Sabo ya tsara aikin daki-daki. Aka wanke tankin mai, aka sauke lagireto aka toshe inda yake yoyo, aka sauya filogi da fambel, aka samo tayoyi biyar. Ɗanjuma mai waya, wato mai gyaran wutar mota, ya ɗauki fitilu da hon. Birki aka bari na ƙarshe, saboda kayansa sai an nemo a Kano. Ni kuma kujeru. Sai dai notocinsu sun yi tsatsa sun ƙi kwantuwa, don haka aka ce in shiga cikin motar in yi aikina a can.

Zuwa ranar Talata na gama komai, saura rami ɗaya kamar tafin hannu daidai mazaunin direba. Yadin kujerar ja ne, irin jan da ya koɗe ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Na zaga kasuwa ban samu irinsa ba. Ina zaune ina tunani sai idona ya kai kan wani tsumma da aka ɗaure a sitiyari, duk baƙin mai. Na duba gefensa da bai ɓaci ba, wallahi kamar daga jikin kujerar aka yanko shi. Na kwance shi, har ina mita a raina cewa maza ba su san tsabta ba. Na wanke shi da sabulu, na shanya, na goge. Laraba da safe na yi faci da shi. Sai ka sa ido sosai za ka ga ɗinkin.

Ga waɗanda ba 'yan gareji ba, bari in faɗi abin da ni ban sani ba a lokacin. A garejin Baba Sabo ba a rubuta komai a jikin mota. In ka ga dutse a kan bonet, babu baƙin mai a inji, kada ka tayar. In ka ga jan tsumma a sitiyari, babu birki. Ba wanda yake tambayar wani, dubawa kawai ake yi, kuma sun fi yarda da tsumman nan a kan maganar baki.

Ranar Larabar Baba Sabo ya tafi Kano tun bayan asuba. Da hantsi sai ga Alhaji Garba daga Fagam. Ina kujerar baya ina ƙarasa ɗinkin rufi. Ya leƙo ta taga.

"Madalla. Sabo ya gama birki."

"Ai Kano ya tafi, Alhaji," in ji Ɗanjuma. Shi ma ya leƙo. "To, babu tsumma kam. Ƙila jiya ya haɗa, Kanon na wata motar ne."

Ban ma kula da zancen ba, na ɗauka wani tsumman suke nufi. Alhaji ya shiga ya zauna, ya ce a tura, don batir ɗin bai da ƙarfi. Na ce, "Baba Alhaji, bari in fita."

"Zauna, 'yata. Mai ɗinki ya kamata ya fara jin daɗin kujerarsa. Nan da bayan gari ne mu juyo."

Ɗanjuma da mai facin taya suka tura. Gwaggo ta yi tari sau biyu ta kama, muka bi hanyar burji da ta gangara bayan gari. Gaskiya da farko na ji daɗi. Iska na shigowa, mutane na ɗaga mana hannu, Alhaji na ba ni labarin yadda ya taɓa ɗauko buhun iri goma sha biyu a motar nan. Sai labarin ya tsaya a tsakiya. Na ga ƙafarsa ta dama tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka.

"'Yata," ya ce, ko muryarsa ba ta sauya ba, "kin haddace Ayatul Kursiyyu?"

"Na haddace, Baba."

"To fara."

Ya miƙa hannu ya ja birkin hannu. Sandar ta biyo shi gaba ɗaya, don ita ma an kwance wayarta. Ya dube ta, ya miƙo mini ita baya. "Riƙe mini wannan."

Na karɓa na rungume ta. Har yau ban san dalili ba.

"Sabo ya tsufa," in ji Alhaji yana kokawa da giya. "Shekara talatin bai taɓa manta jan tsumma ba sai yau."

"Wane tsumma, Baba?"

"Na sitiyari mana. Mai nuna babu birki."

A nan addu'ar ta kakare mini. Na kai tsakiyar ayar na koma farko, na sake kaiwa na sake komawa. Tsoro biyu ne suka haɗu a cikina, ban san wanda zan fara ji ba.

Giya ta biyu ta shiga, ta ɗaya ta ƙi, sai ƙara take kamar ana niƙa tsakuwa. Alhaji ya kashe makulli. Gudun ya ɗan ragu amma gangaren ya fi ƙarfinmu. Can ƙasa akwai ɗan kwalbati mai ɗaukar mota ɗaya, kuma ga amalanke cike da taki ta hau kansa, shanun na tafiya abinsu. Alhaji ya danna hon. Ɗanjuma ya yi aiki, don awakin gefen hanya duk sun watse, amma mai amalanken ɗaga mana hannu kawai ya yi.

"Sai dai gona," in ji Alhaji.

"To mu shiga, Baba."

"Wannan ta gyaɗa ce, ta fito da kyau. Ba za mu ɓata wa bawan Allah ba."

"Baba, don Allah mu shiga ko ta wane ne."

"Waccan kuma fako ce, ƙasar ta yi tauri, ba za ta riƙe mu ba." Kwalbatin yana ta matsowa, har ina ganin facin da ke rigar mai amalanken. "Yauwa. Ga jigawa, sabuwar huɗa, ba a shuka ba. Riƙe kanki."

Ya murɗa sitiyari muka faɗa gonar, ya yanki kunyoyin a gicciye. Kowace kunya sai kaina ya bugi rufin da na gama ɗinkawa. Na ƙirga tara. A ta goma Gwaggo ta kafa hancinta a yashi ta tsaya.

Mai gonar yana tsaye riƙe da garmar shanunsa, baki buɗe. Alhaji ya gyara hularsa ya leƙo.

"Sannu da aiki, Malam. Tazarar kunyarka ta yi daidai, amma gonar tana son taki."

Mutumin ya dubi kunyoyinsa, ya dubi motar. Sannan ya ce, "Alhaji, ai ga hanya can."

Ni ban iya fita ba sai da matarsa ta zo ta kamo ni, ta ba ni ruwa, ta ɓamɓare sandar birkin daga ƙirjina. Shanun huɗar nan su suka ja Gwaggo har gareji, mutum biyu na bin ta da duwatsu don tare taya, Alhaji na zaune a mazauninsa yana riƙe da sitiyari. Ni a ƙafa na biyo su. Ko da za a yanka ni ba zan sake shiga ba.

Mun isa gab da la'asar, muka tarar Baba Sabo ya dawo, ga kayan birkin a leda a hannunsa. Gareji ya cika da direbobi da masu motoci. Alhaji bai fito ba, daga inda yake zaune ya yi magana.

"Sabo, yau ka so ka kashe ni da 'yar mutane."

"Alhaji, da hannuna na ɗaura. Ƙulli biyu na yi masa."

"To ina yake?"

Aka shiga nema. Aka duba ƙarƙashin motar, aka zazzage buhun tsummoki. Mai faci ya ce ƙila akuya ce ta ci, Ɗanjuma ya ce akuyar da ta iya buɗe ƙofa ta kwance ƙulli biyu ai a ɗauke ta aiki. Wani direba ya ce a hankali, amma kowa ya ji, shi kam gobe zai janye motarsa, tunda mantuwa ta fara kai wa ga birki.

Ina tsaye a ƙofar shagona. Ba wanda ya kalle ni, ba wanda ma zai yi tunanina. Na san in na yi magana, waɗanda suka ce gareji ba wurin mace ba ne sun samu abin faɗa har abada, kuma shagon ya tafi. Na yi niyyar shiga ciki in ja labule. Sai na ga Baba Sabo ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya cire hularsa, ya dubi hannuwansa.

"To ko dai na manta ɗin ne?" ya ce.

Wannan ce ta karya ni. Na fito tsakiyar fili.

"Baba, ba ka manta ba. Ni na kwance shi."

Baba Sabo ya ɗago kai ya dube ni.

"Ina kika kai shi?"

"Baba Alhaji yana zaune a kai."

Alhaji ya ɗaga jikinsa a hankali ya duba ƙarƙashinsa. Ya fito. Baba Sabo ya sa kai cikin motar, ya shafa wurin da yatsa, ya sake shafawa. Ya daɗe a haka. Da ya fito sai ya ce, "Ɗinkin dai ya yi kyau."

Dariyar da aka yi har mai shayi na tsallaken titi sai da ya taso. Ni kuwa kuka nake. Wani daga baya ya fara cewa ai dama sun faɗa, sai Baba Sabo ya mayar da hularsa ya juya.

"Wata biyar yarinyar nan tana tare da mu. Cikinku wa ya taɓa gaya mata ma'anar tsumma? Ni ban gaya mata ba. Na ce duk abin da ta ɓata a tambaye ni, to ga ni."

Ba wanda ya tambaya. Direban nan ma bai janye motarsa ba.

Washegari Baba Sabo ya zaga da ni gareji mota bayan mota yana nuna mini alamu, har da waɗanda Ɗanjuma ya ce shi ma bai sani ba. Na ɗinka musu jajayen ƙyallaye goma sha biyu masu kalmasa. Baba ya sa aka goga musu baƙin mai kafin a fara amfani da su, wai in sun yi kyau da yawa wata za ta yi faci da su.

An haɗa wa Gwaggo birki, an gwada shi sau uku a fili. Na ce zan cire facin in nemo wani yadin, Alhaji ya ce kada in kuskura, shi ne abin da zai fara nuna wa abokinsa. Shekaranjiya ya bugo wa Baba Sabo waya daga Kalaba. Sun isa lafiya cikin kwana huɗu, shi da babban ɗansa. Abokin bai iya ganin facin ba, amma ya shafa ya ji shi, kuma wai sai da aka ba shi labarin sau biyu.

Abin da na koya shi ne, mutanen gareji suna da rubutunsu, sai dai da tsumma da dutse suke yin sa. Ni da na yi sakandare na zo na goge musu shi ina ganin tsabta nake yi. Ku sababbin shiga, duk abin da kuka gani a cikin mota, ko ya yi kama da shara, ku tambaya kafin ku taɓa. In kuma kun riga kun taɓa, ku faɗa kafin dattijo ya fara zargin kansa.

Ni dai yanzu ko motar haya zan shiga sai na leƙa sitiyari. In na ga babu tsumma, sai in ce wa direban ya taka birki in gani.